Ƙullin Gidanmu

Tun azahar kogin ya yi shirun mai fushi,
Ko ganyen giginya bai motsa ba,
Balbelu sun bar gaɓa tun da wuri.

Tsoho Barmo ya ɗaga kai gabas,
Ya ce, "Ku dubi gindinsa, ja ne.
Wannan ba ruwan shuka ya ɗauko ba,
Iska ce a cikinsa. Yara, ku yi shiri."

Sai mashigin Zamare ya kacame.
Masu banda na kwashe kifi da zafinsa,
Tumba ta aza duwatsu kan kwanon rumfarta,
Na'allah ya kwance inji ya saɓa,
Yana haki, yana hawan tudu da sauri.

Ni ma na faɗa ruwa har gwiwa.
Jirgina na maɗaci ne, ya girme ni,
Baba ya saye shi shekarar da aka yi fari.

Na kwashe taru, filafili, gora, ƙwaryar kwarfa,
Na kafa turke biyu, goshi da gindi,
Na bar wa igiya rata kamu uku.
Baba kan ce, "Jirgin da ka matse shi ke tsinkewa,
Ba shi wurin rawa, sannan ka yi ɗauri."

Ƙananan kuwa da gangan muka cika su ruwa,
Muka nutsar a baki, muka danne.
Wani baƙo ya ce, "Kun haukace?"
Barmo ya ce, "Abin da ya kwanta ƙasa
Iska ba ta ganinsa. Kai dai bari."

Ina fitowa na hango na Jatau,
Can ƙarshe, shi kaɗai, yana lilo
Da igiyar da ɓera ya ci rabinta.
Mai shi yana Warra tun jiya, sarin gishiri.

Damina biyu ke nan ba mu gaisa ba
Kan mamarin da ya ce na yanke masa.
Ban yanke ba.
Ko na yanke, dare ne, ban gani ba.
Zuciya ta ce, "Ina ruwanka? Hau tudu,
Wanda ya yi sake shi ke da garari."

Iskar farko ta iso, ta fizge hulata.
Igiya ɗaya ta rage a kafaɗata,
Sabuwa, ko kuɗinta ban gama biya ba.
Na dubi jirgin. Shi bai taɓa zagina ba.
Na koma ruwa, wannan karon har ƙirji,
Na zarga, na ninka, na yi ƙullin gidanmu,
Mai kunne biyu, da aka san mu da shi a Yawuri.

Sannan ta sauko.
Kwanon masallaci ya naɗe kamar tabarma,
Rimin tasha ya ba da reshe biyu,
Kogi ya miƙe tsaye yana mari,
Jirage na karo a duhu kamar raguna.
Muna ɗaki, yara a ƙarƙashin gado,
Kowane ƙara na ce, "Nawa ne,"
Har asuba ta kore hadari.

Biyu sun fashe.
Ɗaya an same shi zaune a gonar shinkafa.
Nawa yana nan, ya sha ruwa ya ƙoshi,
Na Jatau ma, kainuwa ta yi masa rawani,
Yana jan igiyata da haƙuri.

Da hantsi ya iso, ƙafa duk laka.
Ya tsuguna, ya daɗe yana shafa ƙullin,
Bai kwance ba, bai dube ni ba.
Can ya ce, "Ara mini ƙwaryar kwarfa."
Na miƙa. Ya kwarfa, na kwarfa da tafi.
Sai da gindin jirgin ya bayyana
Ya ce, "Igiyar nan, nawa ka saya?"
Na ce, "Daidai kuɗin mamari."