Daƙiƙa Tara

A Kodambakkam, saman shagon mai niƙan barkono,
ɗakin tace fim ɗinmu ba shi da taga.
Ruwan Nuwamba na dukan kwano,
Kathiresan na hura kofi a kofin ƙarfe,
idonsa na hagu yana ta yin yana.

Shi da almakashi ya koyi sana'ar,
guntayen fim rataye a wuyansa.
Ni linzamin kwamfuta na tarar.
Ya ce, "Thenmozhi, wuƙar ce ta sauya, naman bai sauya ba.
Hoto ashirin da huɗu ke cikin daƙiƙa,
ɗaya ne naki. Nemo shi."

Ya koya min sako murya kafin hoto,
kamar sallamar da ke riga fuska shigowa.
Ya hana ni narkar da fitowa cikin fitowa
sai in shekaru ne suka shuɗe.
Tafiyar hawainiya kuwa, gishiri ce:
in ta yi yawa, an ɓata miya.

Yau darakta ya bugo waya tun daga Madurai,
fim ya yi tsawo, furodusa na kumfar baki,
a zubar da daƙiƙa tara.

Mun san inda suke.
Bayan jirgin ƙasa ya tashi da ɗan,
uwar na tsaye a tasha, ba ta cewa komai,
ta gyara gefen sari, ta dubi tafin hannunta,
wani kare ya gifta, ba wanda ya gayyace shi.

Na ɗora layin yanka a kan sakin hannu.
Na kunna. Labari ya tafi sumul, ba tuntuɓe.

Tsohon ya rufe ido mai ganin,
ya ce in mayar, in ƙaro sauti.
Can ƙarƙashin ƙarar ƙafafun jirgi
sai ga numfashin matar,
ta ja shi, ta riƙe,
ba ta sake shi ba sai da karen ya wuce.

"Kin yanka ta da iska a ƙirji.
Mutum ɗari shida za su fita sinima
ba su san abin da ya tokare su ba."

Daga faɗan jarumi muka yi satar:
naushi biyu, gilashi guda, da tsallen mota.
Har gobe darakta bai lura ba.

Na kashe allo ƙarfe uku na dare.
A matakala na kama masa hannu,
yana ƙirga su a hankali, goma sha bakwai,
ƙamshin barkono na sa mu atishawa.