Juzu'i na Goma

Na sauka a ƙofar Sabon Wuri, kan hanyar Gwarzo,
ɗan sahu ya wuce da canjina, ban bi shi ba.
A hannuna 'yar takarda da rubutun Dakta Sambo:
sunan wani marubuci, da shekara, da juzu'i,
ƙasida kan kududdufan cikin birni
tun kafin a cike su da shara a kafa shaguna.

Na bar jakata wurin mai gadi, ya miƙo mini lamba.
Na zauna gaban kwamfuta, na buga sunan ƙasidar
harafi bayan harafi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ta ce babu.
Na buga sunan mai ita. Babu.
Na cire ƙugiyar ƙa, na mayar, na sake cirewa,
har na fara zargin yatsuna.

Malam Ilu Gwangwazo na sashen mujallu,
mai tabarau ɗaure da zare,
ya tsaya a bayana yana karkaɗe hularsa:
"Baraka, in kin shiga unguwar da ba ki sani ba,
yaro kike cigiya, ko gidan da ya fito?
Katalog bai san 'ya'ya ba, masu gida ya sani.
Buga sunan mujallar."

Na buga. Ga ta ta fito,
da lambar kantarta, da jerin shekarunta,
juzu'i na ɗaya zuwa na tara,
sai aya.
Ni kuwa goma nake nema.
Ɗigon nan da bai kai ƙwayar gero ba
ya tare mini hanya kamar ganuwa.

Sai aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi biyu ta haƙura.
Wani a bayana ya ja tsaki, ya tattara takardunsa.
Malam Ilu bai ce uffan ba,
ya yafito ni zuwa lungun da ba a zuwa,
inda durowoyin katako ke jere kamar sahun salla.
Ya ja ɗaya, ta yi ƙara irin ta gwiwar tsoho.
Katuna ne, gefensu ya yi baƙi da yatsun
mutanen da yanzu furfesoshi ne, ko suna kushewa.
Ya bi su da babban yatsa, ya tsaya.
Ƙasan bugun tafireta, wani ya sa da fensir:
an sauya mata suna daga na goma, duba gaba.

"Wanda ya kwashe katunan nan zuwa na'ura," in ji shi,
"tawada ya gani, bai ga fensir ba."

Kantar ƙasa, can ƙarshen layi, sai da na durƙusa.
Koren bango, gara ta ɗanɗana gefe ta bari.
Na kai ta bakin taga.
A tsakiya akwai taswira naɗe gida huɗu,
na buɗe ta a hankali don kar ta tsage a gaɓa.
Birni ne duk ya yi dabbare-dabbare da shuɗi,
kowane tabo da lambarsa.

Arba'in da bakwai.
Bayan gidan Yaha, kakata, a Dandago.
Ita da ke cewa kwaɗi sun hana su barci daren sunan babana,
muna dariya, muna cewa tsufa ne.
Yanzu mai sayar da cajar waya ne a wurin,
kuma duk watan Agusta
muna kwashe ruwa daga ɗaki da bokiti,
muna tambayar juna daga ina yake fitowa.

Ba a ba da aron mujalla.
Injin hoto kuma sai wuta ta dawo.
Wayata ta mutu tun azahar.
Na yagi farar takarda, na ɗora a kan taswirar,
na bi bakin kududdufin da biro, sannu sannu.
Ana kiran la'asar.
Malam Ilu yana naɗe hannun riga, yana jirana da mukulli.