Kilo Ashirin da Uku

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da ilimin duwatsu
a ajin da rufinsa ke yoyo daidai kan taswira.
Guduma ɗaya gare mu, ɗalibai arba'in da biyu,
tana yawo hannu zuwa hannu kamar ludayin koko.
Madubin duba ƙwayar dutse ya makance tun bara waccan,
mun lulluɓe shi da ɗankwali kamar mai jinya.

Sau uku wasiƙa na zuwa:
mun karɓi takardarki, zo ki karanta a taron masana.
Sau uku ina lissafin albashi a bayan ambulan,
sidi ya dube ni, na dubi sidi,
ba wanda zai kai wani filin jirgi.
Daga baya in ga jadawali, an ja layi a kan sunana.
Wani ya sha shayi a cikin mintuna sha biyar ɗina.

Bana Mista Boakye na ofishin rajista
ya tare ni a matakala, yana haki:
akwai asusu, in ji shi, na malaman ƙananan kwalejoji,
suna biyan tikiti da ɗakin kwana.
Fom ya ce, bayyana buƙatarki cikin kalma ɗari biyu.
Rashin da na saba ɓoyewa ƙarƙashin mayafi mai guga
yau an ce in shanya shi a igiya, in auna tsawonsa.

Na rubuta guduma. Na rubuta yoyo.
Na rubuta lakar kogin Ofin da na ɗura a kwalaben magani,
ruwan da masu tonon zinariya suka mayar shayi mai madara.
Na rubuta tafkin Bosumtwi,
inda dutse ya faɗo daga sama ya bar mana rami,
baƙi su zo da na'urori su auna shi,
su buga littafin da ya fi ƙarfin aljihuna,
ni da ke zuwa can a trotro, in dawo kafin la'asar.

Amsa ta same ni ranar Talata a Aboabo, hannuna duk kumfa.
Inna ta ajiye cokalin wake da shinkafa,
ta bar mai saye tsaye da kwano:
"Dutse za ki kai musu? Ƙasar tasu ba ta da shi?"
Na ce, Inna, nasu bai ga abin da namu ya gani ba.
Ta yi shiru, ta cika wa mutumin kwanonsa.
"To ki tafi da yaji."

A Ankara sikeli ya ce ashirin da tara.
Yarinyar kanta ta ce ashirin da uku, ko ki biya.
Na durƙusa a gaban layi na zuge akwati.
Takalmi ya fita. Garin rogo ya fita.
Rigar sanyin da Fuseina ta ara min,
mai nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, ita ma ta fita.
Ƙanena Gado ya rungume su yana kallon ƙasa don kunya.
Sanyin kwana huɗu ne, Gado.
Waɗannan sun yi shekara miliyan suna jiran a tambaye su.
Yajin Inna na cusa shi tsakanin duwatsu biyu.

Akwai abin da bai hau sikeli ba:
takarda ce a aljihuna, ninki huɗu,
tambayoyin da ɗalibai suka ce in yi wa manya.
Wani na son sanin ko dutse na tsufa.
Wata ta ce in an raba biro a kawo mata.
A can ƙasa, da jan tawada, rubutun Mumuni:
Malama, rijiyar gidanmu ta fara ɗanɗanon ƙarfe.
A sha, ko a bari?