Inuwar Goma

Ni nake wanke rigunan kulob ɗin Ƙofar Sauri,
shekara tara ina shanya su bayan shagon Mannir mai faci.
Ko ido rufe na san kowacce:
ta mai tsaron gida, mai warin man zafi,
ta biyar, wadda hammatarta ta sha allura sau huɗu,
sai ta goma, wadda wuyanta ya saki
don Lurwanu yakan cije shi in zai buga fenariti.

Wata Laraba aka kawo yaro daga Maraɗi,
Sagiru, wai ƙafarsa ta hagu har magana take.
Alhaji Bishir ya biya kuɗin da ya ƙi faɗi,
ya haɗa masa da babur da ɗaki a Rafindadi.
Yaro ya duba takalma, ya ce sun yi.
Ya duba fili, ya ce ba laifi.
Sannan ya nuna igiyata da leɓe:
"Waccan."

Daren nan teburin mai shayi ya rabu biyu.
Masu cewa lamba ai ba gadon uban kowa ba ce,
da masu cewa, to ina wannan yaron yake
ranar da Lurwanu ya ƙarasa wasa a Batagarawa
da tsumma ɗaure a goshi?
Har madara ta zube, har aka ambaci iyaye.
Koci ya ce shi ba ruwansa,
aikinsa ƙafafu ne, ba bayan mutane ba.
Alhaji ya kashe waya.

Lurwanu bai ce uffan ba kwana uku.
Ran na huɗu ya same ni bakin famfo,
ya tsuguna, ya taya ni matse safa.
Ya ce, "Baba Ɗanliti, a ba shi lambar.
Rigar dai a bar mini."

Na kai wa tela, ya sa reza
ya bi zaren a hankali kamar mai cire ƙaya.
Ɗaya ta faɗi, sifiri ya biyo ta.
Amma rana ta ci shuɗin rigar shekara da shekaru,
ba ta taɓa cin abin da ke ƙarƙashin lambar ba.
Sai ga goma nan zaune daram,
shuɗi cikin shuɗi, ta ƙi tashi.
Tela ya ɗora ashirin da uku a kai,
goma tana leƙowa ta gefe.

Asabar muka karɓi 'yan Jibiya.
Saura minti shida, ba wanda ya ci,
Lurwanu ya ɗago kai, ya ga sabuwar goma tana gudu.
Na ga ya yi jim.
Wallahi na ga jim ɗin nan, bai kai ƙiftawar ido ba.
Sai ya zura ƙwallo tsakanin mutum biyu,
hagun nan ta yi maganarta, raga ta girgiza.

Dattijan da ke can gindin dalbejiya,
waɗanda ba sa ganin fuska daga nesa, sai lamba,
suka miƙe da sandunansu:
"Lurwanu! Lurwanu!"
Yara suka ɗauka, fili ya amsa.
Sagiru ya tsaya da hannu a sama
yana jiran sunansa.

Har yau ba sa zama benci ɗaya.
Ɗaya ya ce an ƙwace masa lamba,
ɗaya ya ce an ƙwace masa ci.
Ni dai sabulu na sani, da ruwa.
Nakan shanya su nesa da juna,
iska ta kaɗa su, hannuwansu su haɗu.

Jiya ina cuɗa sabuwar,
yatsana ya tsaya a wuyanta.
Sawun haƙori ne, guda biyu, ƙanana.
Ban gaya wa kowa ba.