Cufarosa

Shekara uku ruwa bai sauka a ƙauyenmu na Sonora ba,
ko na wanke ido.
Rijiyar da kakana Nikanor ya haƙa ta zama gidan tattabaru,
guga kan sauka, ta dawo da ƙarar kanta.

Shanu goma sha ɗaya muka sayar.
Ran da babbar mota ta zo kwasarsu,
Inna Eufrasiya ta tura ƙofa
ta hau niƙan masara da ƙarfi
don kada kukansu ya same ta.

Furannin da ta dasa a gwangwanayen madara
ruwan wanke-wanke take ba su, cokali cokali.
Duk da haka suka tafi, ɗaya na bin ɗaya.

Amma can bayan shinge, bakin busasshen rafi,
inda ba a taɓa tofa ko yawu ba,
akwai wasu tsirarun sanduna, toka-toka.
Ganyensu sun zubar tun bara,
sun san bakin da ba za su iya ciyarwa ba,
suka riƙe fure kaɗai.
Ja wur, siriri kamar bakin buta,
kamar garwashin da toka ta manta ta rufe.

Da hantsi sai ga shi,
bai kai babban yatsana ba,
maƙogwaronsa shunayya, fiffikensa ba ya ganuwa,
sai dai kunne ya ba ido labari.
Ya tsaya cak a iska, ba reshe, ba igiya,
ya zura baki, ya ja da baya,
da baya fa,
ya ɓace.

Suna ɗaya mutanenmu ke kiransu, furen da tsuntsun:
cufarosa.
Na tambayi Inna, wa ya ari sunan wa?
Ta ce, a shekarar fari
ba a bambanta mai bashi da wanda ake bi.

Ƙanena Leobardo ya ƙetara arewa,
muryarsa sau ɗaya a wata, tana yankewa.
Ni ma jakata na bayan ƙofa, a ɗaure,
motar Hermosillo ran Talata take wucewa.

Jiya na tsinki fure ɗaya na tauna.
Ɗanɗanon kokwamba, da ɗan zaƙi can ƙarshe.
Na zuba ruwa a murfin kwalba, rabona na rana,
na ajiye wa tsuntsun a gindin sandunan.

Ya zo. Ko kallon murfin bai yi ba.

Yau Talata.
Na ji hon ɗin motar ina tsugune a bakin rafi,
ina ƙirga waɗanda suka buɗe da dare.
Bakwai.