Mai Raɗa wa Jirgi Suna

A sinimar Cuxhaven, daren Asabar,
Hinnerk Thode ya zauna layin baya,
hula a gwiwa, tikiti a tafin hannu,
Gesche na ɓare masa lemo a duhu.

Haske ya faɗa kan allo: teku baƙi da fari,
ga jirgi na tafe salalau kamar na fatake,
tutar aro a sama, wanki a kan igiya,
wani ƙato ya ɗaura kallabi
yana tura keken jariri, babu jariri.
Zauren ya kwashe da dariya.
Hinnerk bai dara ba. Ya san keken:
ƙafar hagu na kuka in ba a ɗiga mata mai ba.

An nuna kyaftin, dogo, mai sanyin murya,
an nuna igwa kwance bayan bangon ƙarya,
amma wanda ke reto jikin ƙarfe da asuba,
gwangwanin fenti a ƙugu, ruwa na lasar sawunsa,
wannan ba a nuna ba.

Ni ne, in ji shi a zuci.
Sau tara na raɗa wa jirgin nan suna,
ba rago, ba taro, ba mai barka.
Yau ɗan Norway, wata mai zuwa ɗan Japan.
In kura ta yafa fatar akuya,
ai akwai wanda ya ɗinka mata.

Ya tuna Caetano, kuku daga Goa,
da aka tsamo cikin mai da tarkacen auduga
ranar da suka nutsar da na shida.
Watanni uku yana tsare a cikin jirgin,
yana fere dankali, yana koyon zagi da Jamusanci.
Wata rana ya kalli hannun Hinnerk, ya ce:
«Kai ne mai rubutun? Harafin ƙarshe ya zubo.
Tun daga nesa na ga fentin ɗanye ne,
na ga tsohon suna na leƙe ta ƙasa.
Na buɗe baki, na rufe.
Wa ke tambayar kuku abin da ya hango?»
Suka raba sigari ɗaya, kowa da rabinsa.

A allo, ƙarshen ya zo da kiɗa:
jirgin na ci da wuta, kwalekwale na cika,
an fito da fursunoni ɗaya bayan ɗaya,
kyaftin ya sara wa tuta, ya sauka ƙarshe.
Hinnerk ya ƙirga kawunan da yatsa.
A tasa ranar ƙofar ƙasa ta cije,
makulli na aljihun wanda ya riga kowa mutuwa,
kuma bugun da ake yi daga ciki
bai yi kama da wannan kiɗa ba.

Fitilu suka dawo. Ɓawon lemo a ƙasa.
A waje yayyafi, jirage na nishi a bakin Elbe,
kowanne da sunansa na gaskiya,
rabinsu da hannunsa ya rubuta.

Gesche ta gyara masa wuyan kwat, ta ce,
«To, haka aka yi?»
Ya daɗe yana neman hularsa, tana kansa.
«Kusan haka,» ya ce.
«Sai dai fentin ya fi haka wari.»