Ƙwallon da Ake Miƙa wa Na Baya

Mu biyar ne farko, a Hull, bayan kamfanin kifi,
wata Lahadi da rana ta ƙi fitowa.
Ni da Nafi'u mun sauko daga aikin dare,
ƙarni bai bar hannuwanmu ba.
Doreen ta zo da ƙwallon marigayi mijinta,
Wojtek ya zo da tarinsa, Warsame da butar shayi.

Na ce, wannan ƙwallo ne ko ƙwan jimina?
Ka ajiye ya ƙi zama, ka jefa ya kama gabansa.
Doreen ta ce, zari-ruga ne, amma ban da kayarwa.
Ba kokawa, ba karo, ba mai karya haƙarƙarin wani.
Ka taɓa mutum, ya tsaya. Shi ke nan.
Taɓi shida, ƙwallo ya zama na abokan karawa.
Kuma ba a miƙa wa na gaba. Na baya ake miƙa wa.

Nafi'u ya yi dariya har hularsa ta faɗa taɓo:
yaushe mai neman gaba ya fara waiwaye?

Rigunan sanyi muka jera suka zama iyaka.
Wani kare ya gudu da ɗaya,
filinmu ya ƙaru da taku goma.

Shekarar farko ba mu da suna.
A ta biyu mai kula da fili ya matsa, saboda takardar haya,
muka ce rubuta 'Yan Aikin Dare.
Fam bibbiyu a gwangwanin alewa,
Warsame ne ma'aji, don shi ba ya yafe bashi.

Hunturu na uku ya kusa cinye mu.
Ruwa ya kwanta a fili, Wojtek ya koma garinsu,
Nafi'u ya sami aikin rana ya daina zuwa.
Na ce a raba kuɗin gwangwani kowa ya huta.
Doreen ta tsaya cikin yayyafi da usur a baki,
ta busa wa mutum biyu kamar tana kiran kasuwa.

Wasu ma'aikatan jinya sun jiyo ta daga tashar bas.
Suka zo su huɗu, mako na gaba su tara.
Sai ɗalibai, sai wani mahauci da tagwayensa,
sai Zulai 'yata, mai shekara tara,
wadda ta yi wata guda tana leƙe daga cikin mota.

Mun je Leeds gasar farko a motar haya mai hayaƙi,
aka ci mu sha ɗaya da ɗaya.
Wannan ɗayan muka yi ta waƙewa har gida.

Bari in faɗi abin da ba ya cikin littafin kulob.
Shekara bakwai na yi a garin nan
ba wanda ya dafa kafaɗata,
sai bisa kuskure a layi, a bi ni da ban haƙuri.
A filin nan mutum zai biyo ka da gudu, yana haki,
ba don komai ba sai ya sa tafinsa a bayanka
ya kira sunanka daidai.

Yau sunaye ɗari da arba'in ne a rajista.
Akwai fitilun dare, akwai riguna ruwan ɗorawa,
ɗakin sauya kaya da ƙofarsa ba ta rufuwa sosai.
Rabin yaran ba su san me ya sa ake ce mana 'Yan Aikin Dare ba.
Usur ɗin Doreen na rataye a ƙusa, ba mai busa shi.

Gwiwata ta ajiye aiki bara.
Zulai ce ke horar da ƙanana ranar Laraba.
Jiya na ji tana yi wa wani yaro tsawa:
waiwaya mana, akwai mutum a bayanka!

Na so Nafi'u yana kusa.
Zan kira shi in ya tashi daga aiki.